Mutumin da Ke Duba Mana Wata

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. A farkon watan Sha'aban ɗin nan aka kira Kaka, mahaifin mahaifina. Ya cika da hantsi a zaurensa na Ƙofar Rini, yana jingine da bango, bayan ya sha kunu ya ce a rufe masa sauran. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

A kwanakin zaman makoki ina cikin gida tare da mata, amma tagar ɗakin Inna, matarsa kuma kakata, tana kallon ƙofar gida, saboda haka kunnena guda yana wajen maza. Na lura da wani abu. Duk wanda ya zo, in ya gama addu'a ya shafa, sai ya ɗaga kai ya dubi saman soronmu. Babu komai a can sai kan tsani da ya leƙo ta bayan katanga, amma kowa sai ya duba, har da waɗanda ba su taɓa hawa ba.

Maɗinka abokan sana'arsa sun zo. Wani tsoho a cikinsu ya sanyo rigar da Kaka ya yi wa aiki tun suna da ƙarfi, yana ta nuna wa mutane wuyanta, yana cewa zare ko ɗaya bai tashi ba. Liman ya ce a iya saninsa bai ga mai tsoron bakinsa kamar marigayi ba. Wayar Inna kuwa ba ta huta ba: saƙonnin murya daga Ikko, daga Yamai, har daga Makka. In ta ji muryar namiji sai ta gyara mayafi tukuna, sannan ta shiga amsa "amin, amin" tun mai maganar bai kai ƙarshe ba.

Wanda ya sa ni kuka na gaske shi ne aminin Kaka, wani dattijo daga Ƙofar Atiku da idanunsa suka rufe shekaru da yawa. 'Yarsa ce ta kawo shi a keke mai ƙafa uku. Ya zauna ya sunkuyar da kai har aka ɗauka ya yi barci, sai can ya ce, "To, wa za ya hwaɗa min wata yanzu?"

Wani matashi ya ce, "Baba, ai waya ka hwaɗi. Da an gani za ku ji."

Tsohon ya juya fuskarsa wajen muryar. "Waya ta hwaɗa min ranar azumi. Ni kamannin shi nika tambaya."

A tsakar gida, daidai inda mata ke tuɓe takalma, akwai kwanon rufi sabo fil a jingine. Baffa ne ya sayo shi, yayan mahaifina, wanda gidan ya koma hannunsa yanzu. Ya daɗe yana son ya tone rufin soron nan na ƙasa da azara, ya buga kwano, ya jera allunan sola a kai. Kaka ne ya hana. Yanzu babu mai hanawa, kuma Baffa ya riga ya faɗa cewa bayan sadakar arba'in magina za su zo. In aka buga kwano, ba sauran wurin tsayawa a sama. Wannan ne ya sa, tun a kwanakin makokin, na zauna rubuta abin da na sani game da mutumin da ke tsayawa a can.

Sana'ar Kaka ɗinkin hannu ce, aikin manyan riguna. Idonsa shi ne jarinsa. Har ya yi furfura yana zura zare a allura ba tare da ya matso da ita kusa da fuska ba, kuma yana yi yana kallonka, don ka san ya yi. Yana da ɗan alfahari da wannan idon, ba zan ɓoye ba. Ranar ashirin da tara ga kowane wata na Musulunci, ba na azumi da na Sallah kaɗai ba, yakan naɗe aiki tun da la'asar, ya yi alwala, ya hau tsani kafin rana ta faɗi. Daga saman soronmu ana ganin yamma tar, har wajen fadama. A nan yake tsayawa ya nemi jinjirin wata. In ya gani sai ya karanta addu'ar ganin wata, ya sauko ya tafi wurin Liman ya ba da shaida, Liman kuma ya kai gaba. A unguwarmu, in an ce Kaka ya gani, mata kan fara jiƙa gero tun kafin a ji sanarwa.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka ni ce "amarya". Ni kuma ina ce masa angon da ba ya cefane. Tun ina ƙarama nake bin sa sama, yana riƙe da bakin zanena kada in faɗo. A can ya nuna mini Zara, ya nuna mini Kaza da 'ya'yanta. Da can wata giginya ce alamarsa, yakan ce a wannan watan ta dama da ita za a nema, a wancan ta hagu. Wata shekara aka sare giginyar, aka kafa dogon ƙarfen sabis a kusa da gurbinta. Mutanen gida suka zaci zai yi baƙin ciki. Ya hau ya daɗe yana kallon ƙarfen, ya sauko ya ce, "Wanga ya hi giginya. Ba shi girma, ba shi karkata, iska ba ta kaɗa shi."

Haka yake da duk wani sabon abu. Tsofaffi da yawa in sun ga baƙon abu sai su tsuke baki. Shi kuwa sai ya matso, ya sa hannu, ya tambaya har ka gaji. Da aka kawo keken kwamfuta mai yin aikin riga a wani shago a Mabera, maɗinka suka yi ta tsine masa, suna cewa ya zo ya kashe musu kasuwa. Kaka ya sa aka kai shi ya gani. Ya tsaya yana kallon allura tana gudu ita kaɗai ba hannu, ya karɓi rigar ya juya bayanta ya duba ɗaurin zaren, sannan ya ce wa mai shagon, "Aikin da nika yi wata biyu, ya yi kahin in sha ruwa. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da ɗan Adam wanga." Ya ƙara da cewa bayan aikin bai kai nasa tsabta ba, don Kaka ba ya barin gaskiyarsa a ƙasa. Amma a hanya sai kaɗa kai yake ta yi.

Da ya samu waya, sai da ya koyi tura saƙon murya, kuma ba ya turawa sai ya yi sallama ya jira kamar za a amsa. Abin da ya fi so shi ne kiran amininsa makaho daga saman soro. Da zarar ya ga wata sai ya buga masa, ya shiga ba shi labari: siririnsa, tsayinsa daga ƙarfen sabis, inda ƙahonsa ya karkata, da launin sararin da ke bayansa. Tsohon kan yi ta tambaya, shi kuma ba ya gajiya. In kiran ya makara, tsohon ne ke bugowa. Tare suke duban wata tun suna samari, kuma Kaka bai yarda makanta ta cire abokinsa daga aikin ba.

Ni na kawo masa manhajar taurari. Ina koyarwa a wata makaranta a Mabera, a can na same ta. In ka ɗaga waya sama, sai ta zana maka abin da ke wannan gefen na sararin samaniya, ta sa wa kowace tauraruwa suna, ta nuna inda wata yake ko da ido ba ya ganinsa. Na kai masa ne don in tsokane shi. Na ce, "Ango, an yi maka ritaya."

Ya karɓa ya ɗaga. Ya nemi Zara ya same ta daidai inda ya san take. Ya juya gabas, ya juya kudu. Hannunsa ya gaji, ya sauke wayar, fuskarta ta kalli ƙasa. Sai ga taurari a nan ma, fal, ga kuma wata ɗungurungum a tsakanin ƙafafunsa.

Ya ja da baya. "Amarya, mi an nan?"

Na ce masa ai watan yana can ɗaya gefen duniya a lokacin, a ƙarƙashinmu, bai fito ba tukuna.

Ya durƙusa a hankali, ya kusantar da wayar da daɓen soro, yana bin watan da ita. Ya ce, "Tun ina yaro malamai sunka hwaɗa muna shina zagayawa, kuma na yarda. Amma ban taɓa zaton zan gane shi ƙarƙashin ƙahwata ba." Ya daɗe a durƙushe yana tasbihi. Na zo da wasa, na koma gida jikina a sanyaye.

Daga nan ya sa mini doka: duk ashirin da tara ga wata in zo da wayata. Shi zai nuna da yatsa inda yake tsammani, sannan in ɗaga waya mu gani. Sau da yawa suna haɗuwa, sai ya yi dariya ya ce abin nan yana da tarbiyya. Wani lokaci tana gyara masa, sai ya ce to, ya ji.

Rigimarmu ta zo a wani azumi mai zafi, irin wanda ko tsuntsu ba ya kuka da rana. Ranar ashirin da tara, gari duk ya ƙosa a ga wata. Mun hau. Na duba waya, ta nuna cewa a yammacin nan wata zai riga rana faɗuwa, babu yadda za a gan shi daga Sakkwato. Na faɗa masa. Rana ta faɗi, muka sha ruwa da dabino a tsaye. Can sai ya miƙa hannu, muryarsa ta canza.

"Ga shi can. Dama da ƙarhe, ƙasa kaɗan."

Na duba har idona ya yi ruwa. Babu komai. Na ce, "Kaka, ba ya nan. Ya riga ya faɗi."

"Ni kika hwaɗa ma ba shi nan? Tun ba a haihi ubanki ba nika ganin wata. Na gan shi."

Na ce waya ba ta san shi ba balle ta yi masa ƙarya. Ya ce ita waya an taɓa rantsar da ita? Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya sauka, ya shiga ɗaki ya sanya babbar rigarsa. Na san inda za shi. In ya buɗe baki a gaban Liman, maganar za ta wuce unguwarmu, kuma akwai mutanen da za su ajiye azuminsu a kan bakinsa. Na bi shi har zaure ina kuka.

A zaure ya tsaya yana neman takalminsa. Fitilar sola tana haska farin bango. Na ga ya ɗaga kai ya ƙura wa bangon ido. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya duba. Ya sauya, ya rufe na dama. Ya sake. Sannan ya zauna a kan dakali.

"Amarya," ya ce a hankali, "ga shi nan ga bango. In na ruhe na dama sai ya ɓace."

Ashe yanar ido ce ta fara rufe masa gani, tana karkasa haske, tana zana masa ɗan baka siriri a duk inda ya ƙura. Na zaci zai tuɓe rigar ya koma ciki, mu rufe maganar a tsakaninmu, don babu wanda ya ji. Bai tuɓe ba. Ya sa takalmi ya tafi masallaci, ni kuma na tsaya a bakin zaure. Liman da kansa ya ba da sauran labarin a wurin makoki. Ya ce Kaka ya jira aka idar da salla, ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Daga yau kada a karɓi shaidata ga wata. Idona ya hwara ganin abin da babu. Wayar jikata ta hi ni gaskiya yau." Liman ya ce kowa a masallacin ya san abin da mutumin nan ya ajiye a gabansu.

Na sha ganin mutane suna kare girmansu da ƙarya ƙarama. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki abin da aka san shi da shi tun ƙuruciya ya ajiye da hannunsa ba, alhali ba wanda ya tilasta shi.

Bayan Sallah aka yi masa aikin ido. Likita ya cire yanar, ya sa masa wani ɗan gilashi a cikin idon. Kaka ya yi mako yana ba kowa labari. "Cikin ido, ba bisa hanci ba! Kuma ina ji suna hira." Da aka cire bandeji ya zura zare a allura a gaban Inna, ya ce ta shaida. Watan da ya biyo baya ya ga jinjirin wata da idonsa, na gaske, a daidai inda waya ta nuna. Liman ya roƙe shi ya dawo da ba da shaida. Ya ƙi. Ya ce idon da ya taɓa yi masa haka sau ɗaya ba zai ƙara ɗora azumin mutane a kansa ba. Amma hawa bai fasa ba. Yakan ce, "Waya ta hwaɗa muna inda za mu diba. Dibawar kuma tamu ta."

A kan wannan suka yi ta sa-in-sa da Baffa. Kuma in za a faɗi gaskiya, Baffa yana da hujja. Rufin yana yoyo a kan gadon Inna duk damina, yaɓe ba ya ƙarewa, gidan kuma yana buƙatar wuta. Ya ce, "Baba, ba ku ba da shaida yanzu, sanarwa kuma tana zuwa ga waya. Hawan mi kuka yi da tsuhwa?" Kaka ya ce a sa sola ko'ina aka ga dama, shi ma yana son fanka. Abu ɗaya yake tsoro: ranar da kowa zai san an ga wata, amma a rasa wanda ya ɗaga kai. Baffa ya ce wannan ba dalilin barin ruwa yana zuba wa tsohuwa ba ne. A haka suka tsaya, har Allah Ya yi ikonSa.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban na je gidan da la'asar. Ba wanda ya kira ni, ƙafata ce ta kai ni. Na gaida Inna, ta miƙo mini wayar Kaka, ta ce ta sa an yi mata caji. Na hau. Tabarmarsa tana nan a naɗe a lungu, rana ta cinye gefenta. Na ɗaga wayata, ta nuna wata yana nan, sama kaɗan da inda rana za ta faɗi, hagu da ƙarfen sabis. Na tsaya ni kaɗai, ina tunanin wataƙila wannan ne hawa na ƙarshe.

Sai na ji tsani yana ƙara. Baffa ne, da tumbinsa da haki, riƙe da igiyar awo ta magina. Ya ce ya zo ya auna rufin ne kafin duhu. Na ce to. Ya ja igiya nan, ya ja can, ba ya kallona. Rana ta faɗi, aka fara kiran salla daga masallatai, wani na bin wani. Ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Ina abin naki yac ce?"

Na nuna masa. Muka yi ta dubawa. Ni da na saba ban ga komai ba, ƙila don hawaye. Baffa ne ya damƙi hannuna.

"Ga shi! Ɗiyata, ga shi can! Allahu Akbar!"

Yana nan, siriri kamar zaren da aka ja a farin yadi, ƙahonsa sama. Baffa ya fara addu'ar ganin wata, ashe ya iya ta, ya kai tsakiya muryarsa ta karye. Mutumin da ban ga hawayensa ba ko a ranar jana'iza ya tsaya a saman soro yana shassheka.

Wayar Kaka ta yi ƙara a hannuna. Na duba, amininsa ne na Ƙofar Atiku. Na miƙa wa Baffa. Ya share fuska da hannun riga, ya amsa.

Muryar tsohon ta fito a hankali. "Na san ba shi nan. Hannuna ɗai yas saba. Ku yi haƙuri."

"Baba, ni na, babban ɗanai. Ina bisa soro. Mun gan shi."

Sannan tsohon ya ce, "To, hwaɗa min. Ina ƙahonai yak karkata?"

Baffa ya shiga faɗa masa. Bai iya ba sosai, yana ta kame-kame, tsohon yana gyara masa tambaya, yana cewa a'a, fara da tsayinsa daga ƙarfe. Suka yi ta yi har watan ya kusa nutsewa. Da suka gama, Baffa ya naɗe igiyar awonsa ya sa a aljihu. Ya ce zai je wurin Liman. Ya sa ƙafa a tsani, ya tsaya, ya dubi rufin.

"Ɗakin Inna za a buga ma kwano," ya ce. "Nan kau siminti za a yi mai. Kuma a sake tsanin ga, ya yi min ƙanƙanta."

Allah Ya gafarta wa Kaka, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa idon da ya tsare saboda gaskiya ya ga abin da ya fi wata kyau. Mu kuma Ya ba mu ikon ɗaga kai. Watan gobe ma za mu hau, ni da Baffa, kuma akwai mai jiran kiranmu a Ƙofar Atiku.